Diresaj: Wasan da ake fara horar da mahayi kafin doki

A watan Agustan 2024, a harabar tsohuwar fadar Versailles da ke kusa da birnin Paris, wata Bajamushiya mai suna Jessica von Bredow-Werndl ta shiga fili a kan goɗiyarta Dalera. Kiɗa yana tashi, goɗiyar tana bin sa. Ta yi sassarfa a wuri guda ba tare da ta matsa gaba ba, ta juya a kan ƙafafunta na baya, ta ratsa fili a karkace tana sarƙe ƙafa. Duk wannan ana yi, mai kallo bai ga inda aka ja linzami ba, bai ga inda aka sa ƙaimi ba, bai ji an yi tsawa ba. Alƙalai suka ba su maki sama da kashi 90 cikin ɗari, suka ɗauki lambar zinare ta Olamfik karo na biyu a jere.

Sunan wannan wasa diresaj. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta horarwa. Waɗanda suka gan shi a talabijin sukan kira shi rawar doki, kuma da yawa sukan ɗauka cewa sai mai dokin miliyoyi ne zai kusance shi. Dokin gasar duniya kam yana da tsada, ba a musu. Amma abin da ake koya wa ɗan koyo a shekararsa ta farko bai wuce zama daidai, da tafiya miƙe, da kewaya da'ira, da tsayawa ba. Wannan kuwa kowane doki mai lafiya zai iya yi. Wahalar tana wurin mahayi, shi ya sa da shi ake farawa. Abin da za ku karanta a nan ya shafi ɗalibai maza da mata baki ɗaya, domin diresaj yana cikin 'yan wasannin da maza da mata ke karawa a fili guda, a kan doka guda.

Daga fagen yaƙi zuwa filin wasa

Asalin abin daga sojan doki ne. Mayaƙin da hannunsa ɗaya ke riƙe da takobi yana bukatar dokin da zai tsaya, ya juya, ya matsa gefe da ɗan motsin jikin mahayinsa kawai. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, wani sojan Girka mai suna Zenofon ya rubuta littafi a kan hawa da kula da doki. Har yau ana karanta shi, saboda ya dage a kan lallami, ya kuma gargaɗi mahayi kada ya tunkari doki yana cikin fushi.

A ƙarni na 16 aka buɗe makarantun hawa a Italiya, daga nan fasahar ta shiga fadojin sarakunan Turai. A Faransa, wani malamin hawa mai suna La Guérinière ya fitar da littafinsa a 1733, kuma darussan da ya tsara suna nan a cikin horon yau. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai makarantar da ta haura shekara 450 tana horar da fararen ingarmu da ake kira Lifizana. Yawancin waɗannan dawaki da duhun gashi ake haihuwarsu, sai sun girma suke komawa farare. Ba a fara horar da su sai sun kai kamar shekara huɗu, sannan a ɗauki wajen shekara shida kafin a ce doki ya kammala.

Diresaj ya shiga wasannin Olamfik a 1912 a birnin Stockholm, amma maza kaɗai aka yarda su shiga. Sai a 1952, a Helsinki, aka buɗe ƙofa ga mata. A cikin matan da suka shiga a shekarar akwai Lis Hartel 'yar ƙasar Denmak. Shan inna ya kama ta a 1944 tana da shekara 23, ya kashe mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa. Sai an ɗora ta a kan doki, sai an sauko da ita. Duk da haka ita da goɗiyarta Jubilee suka zo na biyu a gaban hafsoshin da suka ƙare rayuwarsu a kan sirdi, suka sake ɗaukar azurfa a 1956. Labarinta darasi ne na farko ga mai son farawa: da a ce ƙarfin ƙafa ne ke tuƙa doki, da ba ta je ko'ina ba. Tun 1996 ma akwai gasar diresaj ta masu naƙasa a wasannin Faralamfik.

Fili mai haruffa

Ana yin wasan a fili mai kusurwa huɗu, shimfiɗaɗɗe, mai yashi. Na manyan gasa faɗinsa mita 20, tsawonsa mita 60. Na masu koyo mita 20 ne da mita 40. Idan kuka auna da cikakken filin ƙwallon ƙafa, zai ɗauki irin wannan ƙaramin fili kusan tara.

A gefen filin ana kafa haruffa, su ne alamomin da ke nuna inda za a fara motsi da inda za a gama shi. A ƙaramin fili guda takwas ne. Harafin A yana tsakiyar gajeren gefen da ake shigowa ta wurinsa, C yana fuskantarsa a ɗaya gefen, kuma a bayan C alƙali yake zama. In ka tsaya a A kana kallon C, a hagunka akwai K da E da H, a damanka akwai F da B da M. E da B suna daidai tsakiyar dogayen gefuna, sauran huɗun kuma kowanne yana da nisan mita 6 daga kusurwar da ke kusa da shi. Tsakiyar filin gaba ɗaya ana kiran ta X, amma ba a rubuta ta a ƙasa, mahayi ne zai gane ta da ido.

Masu son lissafi, ga inda karatun aji ke fitowa fili. Mai son shata irin wannan wuri a bayan gari yana bukatar kusurwoyi su tsaya cak, sai ya yi amfani da ƙa'idar Fitagoras: ya auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, in tsakaninsu ya ba da mita 5 to kusurwa ta yi daidai. In an gama, igiyar da aka ja daga kusurwa zuwa wadda ke ƙetarenta za ta kai mita 44.7. Tsofaffin galan ko bokitan fenti da aka rubuta wa haruffa sun isa alama.

Darasin farko a ƙasa ake yin sa

Malamin kirki ba ya ɗora sabon ɗalibi a kan sirdi ranar da ya zo. Zai fara koya masa yadda ake tunkarar doki. Idanun doki suna gefen kansa, don haka yana ganin kusan ko'ina a kewayensa, ban da daidai bayansa da kuma dab da goshinsa. Wanda ya ɓullo masa ta baya ba sallama yana neman harbi. Ta wajen kafaɗa ake zuwa, ana magana a hankali, a bar shi ya sansana hannu.

Daga nan sai goge jiki, da duba kofato ko tsakuwa ta maƙale, da sa ragama, da jan doki a tafi a tsaya. A nan ɗalibi yake koyon karanta dabbar. Kunnuwa a gaba, hankalinsa yana kan wani abu can. Kunne ɗaya yana waiwayen mutum, yana sauraro. Kunnuwa sun kwanta baya sun manne, to ransa ya ɓaci ko wani wuri yana masa ciwo. Wanda bai iya jan doki a ƙasa ya tsayar da shi ba tare da kokawa ba, ba zai iya ba in ya hau.

Kayan da ake bukata ba su da yawa, amma akwai guda ɗaya da ba a sassauci a kansa, wato hular kwano ta hawa. A 2010, Courtney King-Dye, wadda ta wakilci Amurka a Olamfik, tana horar da wani doki ba hula a kanta, dokin ya yi tuntuɓe ya faɗi da ita. Ta yi makonni ba ta san inda take ba, kuma raunin ƙwaƙwalwar ya canza mata rayuwa. Ba gudu take yi ba, ba tsalle take yi ba. Tun daga farkon 2021, hukumar wasannin dawaki ta duniya, wadda ake kira FEI, ta wajabta hular kwano a gasanninta, har ga manyan mahaya da aka saba gani da doguwar hular ado. Bayan hula sai takalmi rufaffe mai ɗan tudun dunduniya don kada ƙafa ta zurma cikin likkafa, da dogon wando marar kauri a ɗinki. Silifas da takalmin soso ba na hawa ba ne.

Zama shi ne rabin karatu

Ga yadda ake gane zama mai kyau. In aka kalli mahayi daga gefe, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa da dunduniyarsa su hau layi guda daga sama zuwa ƙasa. Malamai sukan ce a ɗauka an zare dokin daga ƙarƙashinsa farat ɗaya: in zai dira a kan ƙafafunsa ya tsaya, zamansa daidai ne, in zai faɗi ta baya ko ta gaba, akwai gyara. Layi na biyu yana tashi daga gwiwar hannu, ya bi ta hannu da igiyar linzami, ya ƙare a bakin doki. Ido kuma yana kallon inda za a je, domin kan mutum yana da nauyi, kuma doki yana jin sa in an sunkuyar.

Matsalar kowane sabon mahayi guda ce. Da doki ya motsa sai tsoro ya zo, ya matse gwiwa, ya riƙe linzami tamau don kada ya faɗi. Matse ƙafa yana nufin "tafi", jan linzami yana nufin "tsaya". Ke nan ana ba doki umarni biyu masu karo da juna a lokaci guda, sannan a ce yana da taurin kai.

Maganin wannan shi ne darasin doguwar igiya. Malami yana tsayawa a tsakiya riƙe da igiya mai tsawon mita takwas ko fiye, doki yana kewaya shi, ɗalibi yana sama ba linzami a hannunsa. Zai ɗora hannu a ƙugu, ya buɗe su kamar fikafikai, ya taɓa gwiwa, daga baya ma a cire masa likkafa. A makarantar Biyana, ɗaliban da za su zama ƙwararru sukan daɗe a wannan mataki kafin a damƙa musu linzami. Dalilin a bayyane yake: hannun da mutum ke dogara da shi don kada ya faɗi ba zai taɓa yin laushi a bakin doki ba.

Tafiya uku da za ka ƙirga da kunne

Diresaj yana aiki da tafiyar doki iri uku, kowacce da bugunta. In doki yana tafiya a kan ƙasa mai tauri, ku saurara.

Tafiya ta yau da kullum bugu huɗu ce, kowace ƙafa tana sauka ita kaɗai. Kan doki yana kaɗawa gaba da baya, dole hannun mahayi ya bi shi.

Sassarfa bugu biyu ce. Ƙafar gaba ta dama tana tashi tare da ta baya ta hagu, sannan sauran biyun su karɓa. Ita ce ke jijjiga sabon mahayi har haƙora su haɗu. Don haka ake koya masa ya ɗaga kaɗan daga sirdi a bugu ɗaya, ya zauna a hankali a na biyu. In ana kewaya fili, ana ɗagawa ne lokacin da ƙafar gaba ta wajen katanga ta miƙa gaba.

Ƙaramar sukuwa bugu uku ce, sai ɗan lokacin da duk ƙafafu huɗu suke sama. Ba sukuwar tsere ba ce. A cikinta ƙafar gaba ɗaya ce ke jagora, kuma in ana juyawa dama, ta dama ce ya kamata ta jagoranta.

Jarrabawar farko ta masu koyo a ƙasashe irin su Ingila da Amurka ba ta ma ƙunshi sukuwa ba, tafiya ce da sassarfa kawai.

Yadda ake magana da doki

Doki yana jin ƙuda in ya sauka a fatarsa, har ya girgiza wurin. Dabbar da ke jin ƙuda ba ta bukatar duka kafin ta san ana mata magana. Mahayi yana da hanyoyi uku: nauyin zamansa, da ƙwaurinsa, da hannunsa. Ƙwauri yana cewa a tafi ko a matsa gefe. Zama yana rage gudu ko ya ƙara, ya kuma nuna inda za a karkata. Hannu shi ne na ƙarshe, aikinsa ya karɓi abin da ƙafa ta aiko ya daidaita shi. A wajen horo ana amfani da murya, amma a cikin jarrabawa in alƙali ya ji ta sai ya rage maki.

Sirrin duka yana cikin saki. Ka matsa ƙwauri kaɗan, doki ya taka gaba, nan take ka sassauta. Sassautawar ce ke gaya masa ya amsa daidai. In ka ci gaba da matsawa bayan ya amsa, ba shi da hanyar gane abin da kake so, sannu a hankali sai ya daina kula ka. Yawancin dawakin da ake cewa bakinsu ya mutu, ko ba sa jin ƙafa, haka aka mayar da su.

Jamusawa sun tsara horon a matakai shida, kuma da su alƙalai ke aunawa a duk duniya. Na farko, bugun tafiya ya daidaita, kada ya riƙa sauri yana lafawa. Na biyu, jikin doki ya saki, ba ɗari-ɗari. Na uku, ya yarda da hannun mahayi, ya nemi linzami da kansa. Na huɗu, ƙarfi ya riƙa tasowa daga ƙafafun baya. Na biyar, ya miƙe, ƙafafun baya su bi sawun na gaba, domin doki ma kamar mutum yana da ɓangaren da ya fi masa sauƙi. Na shida, ya tattara jikinsa, nauyi ya koma baya, gaba ya yi sauƙi. Rawar da ake gani a Olamfik tana kan mataki na shida, kuma doka ba ta barin doki ya shiga wannan aji sai ya kai shekara takwas. Ɗan koyo zai yi shekara guda ko fiye a matakai ukun farko, ba kuwa abin kunya ba ne. Da rarrafe yaro kan tashi.

Da'irar da ke tona asiri

Aikin da za a fi maimaita maka shi ne da'ira mai faɗin mita 20. In ka fara daga A, za ka taɓa dogon gefe a nisan mita 10 daga kusurwa, ka bi ta X, ka taɓa ɗaya gefen, ka dawo A. Kewayenta kusan mita 63 ne. A takarda abu ne mai sauƙi. A kan doki sai ta fito kamar ƙwai, ko kamar dankali. In fili yana da yashi, sauka ka duba sawun kofato, zai gaya maka gaskiya. In da'irar ta faɗa ciki, wataƙila ka jingina ne ko ka ja igiyar ciki da yawa. In ta buɗe waje ta wajen ƙofa, dokin yana tunanin barga kai kuma ba ka tare shi da ƙafar waje ba.

Abu na biyu shi ne sauyi: daga tafiya zuwa sassarfa, daga sassarfa zuwa tafiya, daga tafiya zuwa tsayuwa, kowanne daidai kan harafin da aka ce. Tsayuwa mai kyau ita ce doki ya tsaya ƙafafunsa huɗu a jere kamar na tebur, ya yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi.

Ranar jarrabawa, mahayi yana shiga shi kaɗai. Zai shigo ta A ya miƙe ya nufi alƙali, ya bi jerin motsin da aka rubuta tun da farko, a ƙarshe ya tsaya ya yi gaisuwa. Duka bai fi minti biyar ba. Kowane motsi yana da maki daga 0 zuwa 10: 5 ya isa da ƙyar, 6 ya gamsar, 7 ba laifi, 8 ya yi kyau, 10 ya kai matuƙa. Sai a tara a mayar kashi cikin ɗari. Ɗan koyon da ya haura kashi 60 ya yi abin yabo. A ƙarshe ana ba shi takardarsa da bayanin alƙali a gefen kowane maki, kamar yadda malami ke mayar da takardar jarrabawa da jan biro. Mahaya da yawa sun fi damuwa da wannan bayani a kan matsayin da suka zo.

Inda wasan yake ɓaci

Wasan da aka gina a kan lallami ma yana da masu gaggawa. An daɗe ana sukar wata dabara ta jan kan doki har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, kuma a 2010 hukumar FEI ta haramta yin haka da ƙarfi. A gasa, in alƙali ya ga jini a bakin doki, an fitar da mahayin ke nan.

Labarin Charlotte Dujardin 'yar Ingila ya isa misali. Ta fara ne a matsayin mai aikin barga, tana share kashi tana wanke dawaki. Ita da dokin da ake kira Valegro suka ci zinare a Landan a 2012, suka sake ci a Rio a 2016, kuma a 2014 suka kafa tarihin maki 94.3 cikin ɗari. Ana saura kwanaki a fara wasannin Paris na 2024, sai wani bidiyo ya fito yana nuna ta tana ta zabga wa wani doki bulala a ƙafafu lokacin da take koyar da wata ɗaliba. Ta amsa laifinta, ta janye daga gasar, hukumar kuma ta dakatar da ita shekara guda. Aikin barga bai hana ta kai ƙololuwa ba, lambobin zinare kuma ba su kare ta ba ranar da ta ɗaga bulala.

Don haka in za ku zaɓi malami, ku kalli dawakinsa kafin ku saurari bakinsa. Akwai gyambo a bayansu inda sirdi ke zama? Gefen bakinsu ya tsage? Suna ja da baya in ya ɗaga hannu? Yana ba ɗalibai hular kwano? Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu, amma jikin doki ba ya ƙarya.

A ina za a fara a nan gida?

Ƙasar Hausa ba baƙuwar doki ba ce. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah ya ga dawaki suna taƙama, suna taka rawa ga kiɗa da algaita, ya ga mahaya sun taho a sukwane sun ja zamiya a gaban sarki. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano a jerin al'adun duniya da ake tattali, jerin da hawan makarantar Biyana ya shiga tun 2015. Akwai kuma kulob-kulob na folo a Kaduna da Kano da Katsina da Jos, da bargar sarakuna da hakimai, da masu kilisa da yamma a garuruwa da yawa.

Gasar diresaj ba ta yaɗu a wajenmu ba, amma darussanta na farko ba sa jiran gasa. Abin lura shi ne bambancin kaya. Linzaminmu na gargajiya yana da kaifi, an yi shi ne don doki ya tsaya nan take da ɗan taɓi, kuma a hannun ɗan koyo yana iya yaga baki. Masu fara diresaj suna amfani da linzami mai santsi, mai gaɓa a tsakiya, wanda ba shi da dogayen ƙarafa. Sirdin gargajiya mai tudu gaba da baya yana riƙe mahayi, na diresaj kuwa sai mahayi ya riƙe kansa. Sirdin folo ya fi kusa da shi. Ƙaimi kuma a ajiye shi tukuna, ba a ba wanda ƙafarsa ke lilo.

Kada kowa ya matsa wa iyayensa a saya masa doki. Doki yana cin harawa da dusa da hatsi kullum, yana shan ruwa lita 25 zuwa 50 a rana, fiye da haka ma lokacin zafi, ga magani, ga gyaran kofato. Hanya mafi sauƙi ita ce, da izinin iyaye, a nemi wani babba amintacce mai doki, a roƙi a riƙa taimaka masa ranakun da ba makaranta. A nemi tsohon doki mai sanyin hali, domin sabon mahayi da sabon doki ba mai koya wa wani. A yi hawa da sassafe ko da la'asar sakaliya, minti 20 zuwa 30 ya isa, kuma kada a hau ba babba a wurin.

Wanda bai sami doki ba tukuna, akwai abin yi. Ya shata ƙaramin fili a tsakar gida, mita 2 da mita 4, ya sa haruffan, ya riƙa bin su da ƙafa har ya haddace. Manyan mahaya ma haka suke bitar jarrabawarsu. Ya riƙa tsayawa da ƙafa ɗaya ido a rufe, ya riƙa hawan keke, ya lura da yadda yake zama a benci a aji: kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka? Nauyi yana kan ɓangare guda? Duk karkatar da mutum ke da ita a kan benci, da ita zai hau sirdi, kuma doki ne zai fara gaya masa.